BABI NA UKU: DOKOKIN GIYA DA CACA DA SUKUWA A JIHAR KANO

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan yadda unguwannin da ke wajen ganuwar birnin Kano suka kafu suka bunƙasa. A wannan babi kuwa za a dubi yadda hukuma take tafiyar da al'amura guda uku, wato sayar da giya da caca da kuma sukuwar dawaki, tare da kawo misalai daga Gyaɗi-Gyaɗi da sauran unguwannin ƙaramar hukumar Tarauni. Dalilin haɗa waɗannan abubuwa wuri guda shi ne, dukkansu harkoki ne da kuɗi yake yawo a cikinsu, kuma addini da al'ada suna da ta cewa a kansu. Abin da babin zai nuna shi ne, tun zuwan Turawa dokokin waɗannan abubuwa sun dogara ne a kan wuri, wato a halatta abu a wannan unguwa a hana shi a waccan. Wannan tsari ya yi aiki na tsawon lokaci, amma yanzu ya fara gazawa, musamman ta fuskar caca.

3.1 Bambancin Lasisi da Hani

Kafin a shiga cikin bayani, ya kamata a bambanta kalmomi biyu da za a riƙa cin karo da su. Lasisi shi ne takardar izini da hukuma take bai wa mutum domin ya yi wata sana'a bisa wasu sharuɗɗa, kamar wurin da zai yi ta, da lokacin buɗewa da rufewa, da irin mutanen da zai sayar wa, da kuma kuɗin da zai riƙa biya duk shekara. Hukumar da ta ba da lasisi ta amince ke nan da wanzuwar sana'ar, sai dai tana so ta riƙe linzaminta, ta kuma sami kuɗin shiga. Hani kuwa shi ne a haramta abu gaba ɗaya, ta yadda babu wata takarda da za ta halatta shi. Tarihin da za a kawo a ƙasa tarihi ne na kai-kawo tsakanin waɗannan hanyoyi biyu.

3.2 Yankin da Aka Duba

An ƙirƙiro ƙaramar hukumar Tarauni a shekarar 1996, kuma hedikwatarta tana Unguwa Uku. Tana da mazaɓu goma, daga cikinsu akwai Gyaɗi-Gyaɗi Arewa da Gyaɗi-Gyaɗi Kudu da Tarauni da Daurawa da Darmanawa da Babban Giji. Ƙidayar shekarar 2006 ta nuna tana da mutane 221,367. Manyan hanyoyi biyu sun ratsa ta, wato titin Zariya da titin Maiduguri, kuma a cikinta ne Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da kasuwar waya ta Farm Centre da tashar motar Unguwa Uku suke.

Muhimmancin wannan yanki ga bincikenmu shi ne matsayinsa na tsaka-tsaki. Ba cikin birni ba ne, inda al'ada da idon dattawa suka daɗe suna tsare mutane. Haka kuma ba Sabon Gari ba ne, inda aka saba ɗaga wa baƙi ƙafa. Yanki ne da mafi yawan mazaunansa Musulmi ne, amma ma'aikata da ɗalibai da 'yan kasuwa daga sassa daban-daban suna zaune a cikinsa. Bugu da ƙari, titin Zariya shi ne babbar ƙofar da kayan Kudu suke shigowa Kano ta cikinta. Saboda haka duk dokar da aka kafa a kan giya ko caca, a irin wannan wuri ne ake gane ƙarfinta ko rauninta.

3.3 Dokar Giya

3.3.1 Kafin Zuwan Turawa

Giya ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Maguzawa sun daɗe suna dafa burkutu da dawa, suna sha a lokacin bukukuwa da aikin gayya. Musulunci kuwa ya haramta ta ne daki-daki, kamar yadda ake gani a aya ta 219 ta suratul Baƙara, da aya ta 43 ta suratun Nisa'i, sannan hani na ƙarshe ya zo a aya ta 90 da ta 91 ta suratul Ma'ida, inda aka ambaci giya da caca tare. Tun a zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, Shehu Magili ya rubuta masa wasiƙa yana yi masa nasiha da ya hana bayyana abubuwan da shari'a ta haramta, ciki har da shan giya. Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 alƙalai suka ci gaba da hukunta Musulmin da ya sha, amma ba a hana Maguzawa dafa abinsu a ƙauyukansu ba. Ke nan a wancan zamani babu zancen lasisi. Doka tana duba addinin mutum ne, tana kuma duba ko ya bayyana abin a fili.

3.3.2 Zamanin Turawa

A shekarar 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burasel, wadda ta hana kai barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, ko waɗanda addininsu ya hana ta. Da Ingila ta kafa mulkinta a Arewa a 1900, ta kuma ci Kano a 1903, sai Gwamna Lugga ya riƙe wannan hani, domin ya yi daidai da alkawarin da ya yi wa sarakuna cewa ba zai taɓa addininsu ba. A Kudu kuwa lamarin ya sha bamban, don harajin barasa yana cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnati.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ita ce ta kawo cikas ga wannan tsari. Jirgi ya kawo akawuna da leburori da 'yan kasuwa daga Kudu da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma, waɗanda shan giya ba laifi ba ne a wurinsu. Aka keɓe musu Sabon Gari wajen 1913. A shekarar 1917 aka kafa dokar giya wadda ta kasa Nijeriya kashi uku: yankin hani, da yankin lasisi, da yankin ƙayyadewa. Mafi yawan Arewa ta faɗa cikin yankin hani, amma Turawa a Bariki da baƙi a Sabon Gari suna iya samun abin shansu ta hanyar izini. Daga nan ne taswirar Kano ta rabu biyu a idon doka. Abin da yake laifi a cikin ganuwa, sana'a ce mai takarda a bayanta. Wannan rabuwa ta yi tasiri ƙwarai a tunanin Kanawa, har ta kai idan aka ce wane ya fara zuwa Sabon Gari da dare, an san abin da ake nufi.

3.3.3 Daga 1960 zuwa 1999

A ranar 30 ga Satumba 1960 dokar Final Kod ta fara aiki a Jihar Arewa. Sashe na 401 da na 402 sun yi magana a kan buguwa, sashe na 403 kuma ya ce duk Musulmin da ya sha abin da yake da barasa, ba don magani ba, za a iya ɗaure shi har wata ɗaya, ko a ci shi tarar da ba ta wuce fam biyar ba, ko a haɗa masa duka biyun. Dokar ta kuma ba da damar yi masa bulalar haddi, wadda manufarta kunyatarwa ce fiye da azabtarwa. Idan aka lura za a ga cewa wannan doka ta hukunta mai sha idan Musulmi ne, amma ta bar mai sayarwa muddin yana da lasisi. A wannan zamani ne aka kafa kamfanin giya na Nigerian Breweries a Kakuri ta Kaduna a 1963, aka kuma sami kamfanin North Brewery a nan Kano. Otal-otal da kulob-kulob na ma'aikata a sababbin unguwanni suna iya neman lasisi kamar kowa.

Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar da wannan hanya. A jadawali na huɗu, inda aka lissafa ayyukan ƙananan hukumomi, an sanya ba da lasisin sayar da giya da kula da shi a hannunsu. Haka kuma dokar soja mai lamba 21 ta 1998, wadda ta raba haraji tsakanin matakan gwamnati uku, ta bai wa ƙananan hukumomi kuɗin lasisin giya, ko ta sha a wurin ko ta tafi da ita gida. Bisa ga wannan, a rubuce, ƙaramar hukumar Tarauni ce take da alhakin wannan aiki a Gyaɗi-Gyaɗi.

3.3.4 Daga 2000 zuwa Yau

Bayan Jihar Zamfara ta fara aiki da shari'ar Musulunci a watan Janairu na 2000, sai Kano ta ƙaddamar da tata a ranar 21 ga Yuni na wannan shekara, a zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, dokar kuma ta fara aiki a watan Nuwamba. A ƙarƙashinta hukuncin Musulmin da ya sha giya bulala tamanin ne. Sai dai wannan doka Musulmi kaɗai ta hau. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta kafa Hukumar Hisba bisa doka, sannan a 2004 aka yi wa sashe na 401 na Final Kod gyara, aka haramta yin giya da dakonta da rarraba ta da ajiye ta da shan ta a faɗin jihar, tare da tarar naira 50,000 ko ɗaurin shekara ɗaya ko duka biyun. Tunda Final Kod kowa ta hau, wannan gyara ya shafi Musulmi da wanda ba Musulmi ba.

Da wannan Kano ta tashi daga lasisi ta koma hani. Ikon da Tsarin Mulki ya bai wa ƙaramar hukuma yana nan a rubuce, amma babu abin da za ta ba da lasisinsa, tunda dokar jiha ta haramta kayan. Aikin sai ya koma na kamawa da lalatawa. A watan Nuwamba na 2013 Hisba ta farfasa kwalabe kimanin 240,000 a bainar jama'a, a watan Fabrairu na 2022 kuma ta lalata sama da miliyan uku da dubu ɗari takwas a Tudun Kalebawa ta ƙaramar hukumar Dawakin Tofa. Yawancin waɗannan kaya a cikin manyan motoci ake kama su yayin shigowa gari. Duk da haka ba a daina sayar da giya a Sabon Gari da barikokin soja ba. Wato dai tsohuwar taswirar Turawa ta 1917 tana nan tana aiki a zahiri, ko da yake an share ta daga takarda.

3.4 Dokar Caca

Caca ita ce mutum ya zuba kuɗi ko dukiya a kan abin da sa'a ce take yanke shi, wanda ya ci ya kwashe na sauran. A da Hausawa suna yin ta da wuri, daga baya karta ta shigo. Al'ada ba ta ganin ɗan caca da mutunci, ba a son ba shi aure, ba a kuma ba shi amana. A shari'ar Musulunci hukuncinta ta'aziri ne, wato horon da aka bar wa hukuma ta ƙayyade, saɓanin giya da take da haddi. Final Kod ta haramta buɗe gidan caca, ta kuma sanya mai yin caca a bainar jama'a cikin jerin zauna-gari-banza.

Zamani ya kawo wasu nau'o'i. Akwai cacar ful, wadda ake cike takarda a kan sakamakon ƙwallon Ingila duk mako. Akwai kuma injin kalo-kalo, wanda gwamnatin Janar Obasanjo ta haramta a 1977. Dokar 1998 da aka ambata a baya ta bai wa jihohi harajin ful da loto da gidajen caca. Amma a 2005 Majalisar Tarayya ta kafa dokar loto ta ƙasa, tare da hukumar da take ba da lasisi daga Abuja. Daga nan rikici ya tashi a kan wane ne mai iko. Kamfanonin cacar ƙwallo irin su NairaBet da Bet9ja, waɗanda suka bayyana a 2009 da 2013, sun riƙa buɗe shaguna a jihohi suna kafa hujja da takardar tarayya.

A unguwanni irin su Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni shagon cacar zamani bai yi kama da gidan caca na da ba. Ɗan ƙaramin shago ne mai talabijin da kwamfuta da injin buga tikiti, sau da yawa kusa da gidan kallon ƙwallo, wani lokaci ma a fake da sunan kallon ƙwallon. Matashi zai zuba naira ɗari ko ɗari biyu a kan wasanni goma ko fiye, da fatan ya ci dubbai. Abin da da yawa ba su lura da shi ba shi ne lissafin da ke ciki. Idan aka ɗauka kowane wasa damar cinsa rabi-da-rabi ce, to damar a dace da wasanni goma a jere ɗaya ce cikin 1,024. Kamfani kuma yana cire ribarsa a cikin farashin kowane wasa, ta yadda duk wasan da aka ƙara a tikiti ribarsa ce take ƙaruwa. Masu abin ma ba sa kiransa caca, sai su ce "buga wasa", domin su rage wa kansu nauyin kalmar.

A watan Oktoba na 2024 Hisba ta kai samame, ta rufe shagunan caca kimanin talatin a wata unguwa guda ta Kano, bayan koke-koken iyaye da masu unguwanni. Ba a daɗe ba, a ranar 22 ga Nuwamba 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Jihar Legas ta shigar tun 2008, ta ce caca da loto ba sa cikin abubuwan da Tsarin Mulki ya keɓe wa tarayya, don haka dokar 2005 a Abuja kaɗai za ta yi aiki. Abin lura a nan shi ne, Legas ta kai ƙara ne domin ta riƙe harajin caca, amma hukuncin da ta samu shi ne ya ƙarfafa wa Kano hannu ta hana cacar ɗungurungum.

3.5 Sukuwa

Sukuwa ta bambanta da sauran biyun, domin ita a kan kanta halal ce. Malaman fiƙihu sun halatta tsere da dawaki da raƙuma da harbin kibiya, har da sanya kyauta, idan kyautar ta fito daga sarki ko wani wanda ba ya cikin masu tseren. Inda matsala take shi ne idan kowa ya zuba nasa wanda ya ci ya kwashe, ko kuma 'yan kallo su riƙa zuba kuɗi a kan dokin da zai zo na ɗaya. Wannan caca ce ba tare da wani saɓani ba.

Turawa sun zo da nasu salon. Sun kafa filayen sukuwa a manyan garuruwa, kamar na Legas inda aka ɗaga tutar Nijeriya ranar 1 ga Oktoba 1960, da na Kaduna inda aka yi wa Sarauniyar Ingila hawan daba a 1956. Na Kano yana Nasarawa, arewa da Tarauni, kuma har yau ana kiran wurin Filin Sukuwa. Dokar laifuffuka ta Turawa ta haramta gidajen caca, amma ta yi togaciya ga kulob ɗin sukuwa da gwamnati ta amince da shi, ta ba shi damar karɓar kuɗin 'yan kallo a ranar tsere idan 'yan sanda sun yarda. A nan ma wuri ne ya halatta abin. Wanda aka kama da karta a kasuwa mai laifi ne, wanda ya zuba kuɗi a kan doki a Bariki kuwa yana cikin doka.

A yau damuwar hukuma game da doki ta fi karkata ga tsaro. Kilisa da matasa suke yi a kan tituna lokacin biki ko Sallah takan jawo haɗari, wani lokaci kuma 'yan daba su fake da ita. Saboda haka rundunar 'yan sanda ce take sanya doka a kai. A 2024 da 2025 ta dakatar da hawan Sallah a Kano saboda rikicin sarauta, alhali a watan Disamba na 2024 ne hukumar UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana.

3.6 Matsalolin da Aka Gano

Daga bayanan da suka gabata za a iya fitar da matsaloli guda huɗu.

Ta farko ita ce rarrabuwar iko. Lasisin giya na ƙaramar hukuma ne, haramta ta na jiha ne, 'yan sandan da za su gurfanar da mai laifi kuma na tarayya ne. Idan hannaye uku suka riƙe igiya ɗaya, kowa yakan jira ɗan'uwansa ya ja.

Ta biyu ita ce batun haraji. Tun 1994 ake karɓar harajin VAT a kan kayayyaki, har da giya, ana raba wa dukkan jihohi. Masu suka suna cewa bai dace Kano ta fasa kwalabe ta kuma karɓi kason ba. Masu kare ta kuwa suna cewa Kano ma tana zuba nata kason mai yawa daga kasuwanci da masana'antu.

Ta uku ita ce, hani yana kawar da abu daga ido, amma yana kawar da shi daga lissafin hukuma ma. Mai lasisi an san shi, an san shagonsa, ana iya hana shi sayar wa yaro. Mai sayarwa a ɓoye ba shi da sharaɗi ko ɗaya. Haka kuma wasu matasa sun karkata ga wasu kayan maye, kamar maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana yi da shigowa da shi a 2018.

Ta huɗu, wadda ta fi kowace girma, ita ce wayar hannu. Giya kaya ce mai nauyi, dole ta biyo titin Zariya a cikin mota, don haka ana iya tare ta. Doki ma sai da fili. Amma caca yanzu ba ta bukatar shago. Matashi yana zaune a zauren gidansu a Gyaɗi-Gyaɗi zai tura kuɗi daga asusunsa na banki zuwa kamfanin da yake Legas, a kan wasan da ake bugawa a Ingila ko Sifen. Kano tana da ikon hana caca, amma layukan sadarwa da bankuna a hannun tarayya suke. Dokar da aka gina a kan unguwa da iyaka ba ta da ƙofar da za ta rufe a nan.

3.7 Naɗewa

A wannan babi an ga yadda dokar giya ta taso daga duba addinin mutum, ta koma duba unguwarsa a zamanin Turawa, ta bi ta kan lasisi bayan samun mulkin kai, har ta kai ga hani a 2004. An ga yadda hukuncin Kotun Ƙoli na 2024 ya mayar wa jihohi ikon caca, da kuma yadda sukuwa ta zama halal a kan kanta, sai dai abin da aka raɓa mata. Hausawa suna cewa in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Rufe shago yana magance ɓangare ɗaya ne kawai, matuƙar rashin aikin yi da son kuɗin dare ɗaya suna nan. Don haka aikin ya wuce na Hisba da 'yan sanda, ya haɗa da iyaye da malamai da masu unguwanni. A babi na gaba za a dubi sababbin kalmomi da salon maganar da waɗannan harkoki suka haifar a bakin matasan wannan yanki.